Nana Asma'u: Matar da ta ɗora makaranta a kan malfa ta tura ta ƙauye

Ka ƙirga Asma'u nawa ka sani. A ajinku akwai, a layinku akwai, wataƙila ma a gidanku akwai wadda ake ce wa Ma'u ko Nana ko Husna. Makarantun Islamiyya masu wannan suna kuwa ba sa ƙirguwa, haka ɗakunan kwanan ɗalibai mata a manyan makarantu. Amma ka tsayar da samari goma a Farm Centre ka tambaye su wace ce Nana Asma'u, tara za su ce maka 'yar Shehu Ɗanfodiyo ce, daga nan sai shiru. Na goman zai ƙara da cewa tana waƙa. Shi ke nan an gama tarihin matar da ta rayu shekara saba'in da ɗoriya, ta bar rubuce-rubuce sama da 60 a harsuna uku.

Kuma abin da ya sa na ga ya kamata mu yi maganarta a wannan fili, aikinta yana gabanka kullum ba ka lura ba. Matan auren nan da kake gani da yamma ko bayan isha'i a lungunan Gyadi-Gyadi, Darmanawa da Unguwa Uku, sun sha hijabi, jaka a hannu, wata da goyo, suna tafiya rukuni-rukuni zuwa Islamiyya, ba jiya aka fara wannan tafiya ba. Akwai wadda ta zauna ta tsara yadda mace za ta fita neman ilimi tare da 'yan uwanta mata, ta dawo gida da shi ta raba, tun kusan shekara 190 da suka wuce.

An haife ta a Degel, cikin ƙasar Gobir ta wancan zamani, wajen shekarar 1793. 'Yan biyu ne ita da ɗan uwanta Hassan. Ka san al'adarmu, in aka haifi tagwaye suna a shirye yake, ba sai an yi shawara ba. Shehu Usmanu bai bi wannan ba, ya sa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Annabi (SAW) da mahaifinta guzuri a kogo lokacin hijira. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama ƙwarai, sai sauran matan gidan suka riƙe ta, cikinsu har da Hauwa'u, mahaifiyar Muhammadu Bello. Wannan riƙo shi ne tushen shaƙuwarta da Bello, wanda ya girme ta da shekara goma sha wani abu, kuma za ka ga yadda shaƙuwar ta yi amfani daga baya.

Gidan da ta tashi ba irin gidan da ake ce wa mace ta bari sai ta yi aure mijinta ya koya mata ba ne. Mahaifiyar Shehu da kakarsa masu ilimi ne. Shi kansa Shehu, a littafinsa Nurul Albab, ya caccaki malaman da ke tara almajirai a zaure safe da yamma amma sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu, ko hukuncin tsarki da sallah ba su sani ba. Ya ɗauki hakan a matsayin son a sani, ba koyarwa don Allah ba. Ka duba fa, wannan magana an yi ta ne fiye da shekara 200 baya, kuma har gobe akwai gidan da za a karanta ta a ji kamar da su ake. Saboda haka Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta yi fiƙihu da tauhidi da sufanci a tafarkin Ƙadiriyya irin na mahaifinta. Fillanci harshen gida ne, Larabci harshen littafi, Hausa harshen maƙwabta da kasuwa, ga kuma Buzanci da ta iya. Ba ita kaɗai ba ce, yayyenta da ƙannenta mata irin su Khadija da Fatima da Maryam duk sun yi karatu, wasunsu sun yi rubutu.

Kada ka ɗauka yarintar 'yar gata ta yi. Tana da shekara goma ko sha ɗaya rikici tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa ya kai intaha. A watan Fabrairun 1804 suka bar Degel suka yi hijira zuwa Gudu, aka ɗora littattafan Shehu a kan raƙuma. A watan Yunin shekarar aka gwabza a Tafkin Kwatto, jama'a suka yi nasara. Kafin shekarar ta ƙare kuma aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda aka rasa mutane wajen 2,000, daga cikinsu kimanin 200 mahaddata Alƙur'ani ne. Sai yunwa, sai cuta, sai ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan har suka dangana da Gwandu. Sai a 1808 Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi. Duk wannan a idon yarinyar da a yau da tana ƙaramar sakandare. A tsakiyar wannan hali, wajen 1807, aka aurar da ita ga Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Ta haifa masa 'ya'ya maza, kuma zuriyarsu ce ta ci gaba da riƙe sarautar Waziri.

A 1817 ta yi rashi biyu a shekara guda: Shehu ya rasu a watan Afrilu, tagwayenta Hassan ya bi bayansa kafin shekarar ta fita. Tana da kimanin shekara 24, sa'ar da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi. Abin da ta sa a gaba bayan nan aiki ne marar armashi, wanda ba a yi wa mutum tafi a kansa: tattara rubuce-rubucen mahaifinta, tantance su, kwafe su, adana su. Takarda a lokacin daga Turai take zuwa, ta ratso Sahara a bayan raƙumi ta hanyar Tarabulus, don haka tsada gare ta. Littafi kuma da hannu ake kwafarsa, in gara ta ci ko gobara ta lashe kwafi ɗaya tilo, ya tafi ke nan. Littafinta na farko da aka sani, Tanbihul Gafilina, da Larabci ta rubuta shi a 1820. Gidan Giɗaɗo kuwa gidan baƙi ne. Shi ya karɓi baƙuncin Baturen Ingila Hugh Clapperton da ya zo Sakkwato a 1824, ya sake dawowa ya rasu a can a 1827. Malamai daga nesa suna sauka, wasiƙu suna shiga suna fita, ita ma tana musayar rubutu da malamai maza a matsayin malama, ba a matsayin matar Waziri kawai ba.

To yanzu mu zo kan matsalar da ta haifi babban aikinta, don in ba ka gane matsalar ba, ba za ka ga girman maganin ba.

An ci yaƙi, an kafa daula, amma cin yaƙi daban, shigar da karatu cikin zukata daban. Littattafan jihadi da Larabci suke, mafi yawan waƙoƙin wa'azin Shehu kuma da Fillanci. Talakan ƙauye Bahaushe ba ya jin ko ɗaya. Mata sun fi kowa shiga wannan rami. Akwai zawarawan da yaƙi ya cinye mazajensu. Akwai kuma, kuma wannan ba abin ɓoyewa ba ne, ɗimbin matan da aka kamo a yaƙe-yaƙe aka shigo da su gidaje a matsayin bayi da ƙwaraƙwarai. An raba su da garinsu da danginsu, suna rainon 'ya'yan gidan da ba su zaɓa ba. Abin da suka sani na neman sauƙi in ciwo ya zo, ko haihuwa ta gagara, ko baƙin ciki ya yi yawa, shi ne bori. A Gobir ma bori yana da shugaba mace mai ƙarfin faɗa-a-ji, Inna, wadda take daga gidan sarauta.

Mai mulki yana iya hana kiɗan bori da doka. Abin da doka ba za ta iya ba shi ne ta ba macen da ɗanta ke zazzaɓi tsakar dare wani abin da za ta riƙe a madadinsa. A nan ne nake ganin kaifin basirar Nana Asma'u ya fi fitowa. Ba ta tsaya a tsinuwa ba. Ta tambayi kanta me bori yake ba waɗannan mata: taro, shugaba mace, waƙar da ake haddacewa, da kuma magani. Sai ta gina abin da zai ba su duk huɗun a cikin Musulunci.

Ta fara da harshe. A 1831 ta mayar da waƙar Shehu ta Fillanci zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, mai jan kunnen masu mulki da talakawa kan hisabi. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baiti 30, da Fillanci da farko, sannan da Hausa a 1838, daga baya da Larabci. Ka yi tunanin amfanin wannan ga macen da ba ta taɓa riƙe allo ba: cikin 'yan kwanaki ta san jerin surorin Littafin gaba ɗaya, tana rerawa tana daka. Da Bello ya rubuta littafin nasiha game da mata salihai, sai ya miƙa mata, ta mayar da shi waƙa wajen 1837. Ta jero matan Annabi da 'ya'yansa, ta kawo irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta ƙara da matan jama'arsu waɗanda masu sauraro suka sani ido da ido. Wato tana gaya wa macen ƙauye cewa wannan layi bai yanke a Bagadaza ko Misira ba, ya iso har unguwarku. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan kan neman waraka da ayoyi da addu'o'i, har da abin da ya shafi ciki da naƙuda. Akwai Godaben Gaskiya, akwai tarihin jihadi da ta tsara da Fillanci, ƙaninta Isa ya mayar da shi Hausa, shi ne Waƙar Gewaye. Na Hausa da na Fillanci duk da ajami.

Me ya sa waƙa? Ba don nishaɗi ba ne. Waƙa ba ta buƙatar takarda, ba ta jiƙewa a rafi, ɓarawo ba ya ƙwace ta a hanya, kuma ma'auni da amsa-amo suna tsare ta: in ka yar da kalma ɗaya kunnenka zai gaya maka baitin ya karye. A yaren yau, ta matse darasi ne ya zama ƙaramin fayil da zai shiga kowace ƙwaƙwalwa ba tare da data ba.

Saura yadda saƙon zai isa. Bello ya rasu a Wurno a 1837, shekara guda bayan yaƙin Gawakuke, kuma a shekarun da suka biyo baya ne tsarin da ake kira 'Yan Taru ya kankama. Ga yadda yake aiki. Matar aure mai ƙananan yara ba za ta iya barin gida ta yi tafiyar kwanaki ba, Asma'u ta san da haka, ba ta kuma ce sai an fasa gidajen mutane ba. Sai ta nemi waɗanda al'ada ta yarda su yi tafiya: dattawan mata da suka gama haihuwa, da 'yan mata ƙanana da ba su kai aure ba. A kowane gari a zaɓi mace mai hankali da amana ta zama jagora, ana ce mata jaji, sunan da ake ba mai jan ayari. Ita za ta taro ƙungiyarta, su taka da ƙafa har inda Nana take, a Sakkwato ko Wurno. Su zauna kwanaki, a biya musu waƙa, a warware musu ma'anarta baiti-baiti, su yi tambayoyi kan abin da ya dame su na sallah, azumi, zaman aure, gado, tarbiyya. Sannan su juya gida, jaji ta bi gida-gida tana zama da matan da ba su samu zuwa ba, tana biya musu abin da ta ɗauko. Baɗi a sake dawowa a ƙaro.

Ba hannu rabbana suke zuwa ba. Suna kawo hatsi, zuma, man shanu, zane, ita kuma ta rarraba wa mabuƙata. Kuma karatun ba ya ƙarewa a baki. Ana sa ran 'yar taru ta zama mai duba marar lafiya, mai zama da mai naƙuda, mai wankan gawar mace, mai sasanta rigimar maƙwabta.

Sai maganar malfa, wadda ita ce ta fi burge ni a duk labarin. Idan Nana ta naɗa jaji, takan ba ta babbar malfa ta ɗaura mata jan ƙyalle a kai. Malfar nan kuwa alama ce da aka san Innar Gobir da ita, shugabar bori. Wani malamin da zai ga haka cewa zai yi a ƙona ta, kayan jahiliyya ne. Ita sai ta ɗauke ta ta ɗora a kan malama. Macen ƙauye da ta hango malfa tafe ta san mai iko ce ta iso, tun kafin a buɗe baki, sai dai abin da ke fitowa daga ƙarƙashin malfar yanzu sunayen surori ne. Mu da muke karantar aikin jarida muna shafe zango guda ana koya mana yadda ake isar da saƙo ta alamar da jama'a suka riga suka sani, da sunayen Turawan da suka rubuta ƙa'idar. Ga mace a Sakkwato ta aikata shi kafin a haifi kakannin waɗannan Turawa.

Akwai wata tambaya da na san wani zai jefo a ƙasan wannan rubutu, gara in riga shi. Shin ba gyara wa tsarin da ya kamo matan nan zama ta yi ba? Ai ba ta ce a daina bauta ba, ba ta ce a saki ƙwaraƙwarai ba. Gaskiya ne, ba ta ce ba. 'Yar gidan mulki ce, ta yi waƙoƙin murnar nasarar yaƙi, ta tsaya wa daular da mahaifinta da yayanta suka kafa da dukkan ƙarfinta. Masu son su mayar da ita 'yar gwagwarmayar zamani irin ta Twitter suna yi mata ƙarya, haka ma masu son su nuna ta a matsayin baiwar Allah mai shiru a ɗaka wadda ba ruwanta da al'amuran jama'a. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne, a cikin duniyar da ta samu kanta, ta ƙi yarda a ce akwai macen da ta yi ƙasƙancin da ba za a koya mata ba. Kuma hujjar tana cikin marsiyyoyinta. Ta yi wa Bello, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha. Amma ta kuma yi wa Halima maƙwabciyarta, da Zaharatu mai taimakon mata wajen haihuwa, da Hauwa'u, wata jaji da ta yi shekaru tana jawo mata zuwa wurinta. A zamanin da alƙalami bai cika tsayawa kan kowa ba sai sarki da malami da jarumi, ta kashe takarda mai tsada a kan matan da ba su da sarauta. Da ba don ita ba, da ko sunayensu ba mu ji ba.

Yanzu bari in ɗan fita da kai waje, don wannan dabara ta karatu cikin taro ba mu kaɗai muka san ta ba. Yahudawa suna da tsohuwar al'ada a makarantunsu na addini, inda ba a barin ɗalibi ya karanta Talmud shi kaɗai. Ana haɗa shi da abokin karatu, su zauna gaba da gaba, wannan ya karanta ya fassara, wancan ya ƙalubalance shi, har sai ma'ana ta fito. Suna kiran abin havruta, daga kalmar abota. A 1923 wani malaminsu a Folan, Meir Shapiro, ya kawo tsarin karanta shafi ɗaya kullum, kowa a duniya shafi iri ɗaya, a sauke shafuka 2,711 cikin kusan shekara bakwai da rabi, kuma har yau ana yi. Amma duk wannan harkar maza ce tsawon ƙarnoni. Sai a 1917 wata tela mai suna Sarah Schenirer ta buɗe wa 'yan mata makarantar addini a birnin Krakow, saboda ta ga samari suna da inda za su, 'yan mata kuwa an bar su suna ta sulalewa daga addinin. Lokacin da ta fara, Nana Asma'u ta fi shekara 50 a kabari. Ba gasa nake haɗawa ba, addini daban, ƙasa daban. Abin lura shi ne al'ummomi biyu da ba su san juna ba sun gano abu ɗaya: nassi yana zama a zuciya ne idan akwai wanda zai saurari karatunka ya ce maka a'a, sake.

Mu ma ai mun san wannan a karatun zaure. Ka zauna gaban malam da Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya ko Risala, ka ja layi, ya fassara, na gefenka da ya wuce wurin yana sake ji, na bayanka da bai iso ba yana tsinta. In ka yi kwana uku ba ka zo ba, za a aiko a duba lafiya. Kwatanta wannan da yadda yawancinmu muke shan addini yanzu. Guntun bidiyo na daƙiƙa 40 a TikTok, an yanko shi daga karatun awa biyu, an cire sharaɗin da malamin ya gindaya kafin ya faɗi maganar. Ka kalla kai kaɗai a kan katifa ƙarfe ɗayan dare, ka tura guruf, kafin asuba an fara kafirta juna a ƙasansa. Ba wanda ya tambaye ka me ka fahimta. Ba wanda zai biyo ka gida ya ga ko abin ya canza yadda kake yi wa ƙanwarka magana. Ba ina cewa a jefar da waya ba ne, ni ma da ita nake rubuta wannan. Amma guruf ɗin WhatsApp mai mutum 300 da kowa ke turawa ba mai karantawa, bai kama ƙafar mata goma da suka tako daga ƙauye suka zauna kan baiti biyar har sai kowace ta iya bayaninsu ba. Jaji ba ta isar da abin da ba ta haddace ta kuma fahimta a gaban malamarta ba. Mu kuwa yatsa ya riga ƙwaƙwalwa.

Ke kuma 'yar uwa da ake ce miki karatun ya isa haka tunda an kawo kuɗin gaisuwa, ki riƙe lissafin nan. An yi wa Asma'u aure tana da kimanin shekara 14. Littafinta na farko da aka sani ya zo tana da wajen 27, da 'ya'ya a gabanta. 'Yan Taru sun kankama tana da arba'in da 'yan kai. Ta ci gaba da rubutu har ta haura sittin. Ba ina kawo shekarun aurenta don a kwaikwaya ba, zamaninsu daban da namu. Ina nuna miki ne cewa a gidan Shehu Usmanu kansa, gidan da masu hana ki suke cewa shi suke bi, aure bai rufe littafi ba.

Kano ma tana da rabonta a labarin. Ƙanwarta Maryam ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ta zauna a gidan sarautar Kano kafin ta koma gida bayan rasuwarsa. Da Nana Asma'u ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbaren Shehu da ke Sakkwato, Maryam ɗin nan ce ta karɓi ragamar 'Yan Taru, bayanta kuma Ta Modi, ita ma jinin gidan. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, suka kawo boko, suka buɗe makarantun 'yan mata ƙalilan bayan shekaru masu yawa, a rahotanninsu kuma suna rubuta matan Arewa a matsayin waɗanda ba su taɓa sanin karatu ba, alhali mata masu malfa suna ci gaba da shigowa Hubbare a ƙarƙashin hancinsu.

Takardunta kuwa a gidan Waziri suka tsira. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, tattaɓa-kunnenta ne ta wajen ɗanta Ahmadu, kuma shi ya buɗe wa wata Baturiyar Ingila mai suna Jean Boyd taskar gidan. Boyd ta yi shekaru tana koyarwa a Sakkwato, ta iya Hausa, ta zauna da 'yan tarun da suka rage a lokacin ta ji daga bakinsu. Ta fitar da tarihin Nana a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka tattara ayyukanta suka buga a 1997. Daga nan sunan ya ƙetare teku, har wasu mata Musulmi baƙaƙen fata a Amurka, a birnin Pittsburgh, suka kafa ƙungiyar karatu da taimakon juna suka sa mata suna 'Yan Taru. Kundin na 1997 ya ƙunshi waƙoƙin a harsunansu na asali tare da fassarar Ingilishi, har da hotunan shafukan ajami, kuma na Hausar ba su fi ƙarfin wanda ya yi Hausa a sakandare ba, sai dai wasu kalmomin Sakkwatanci da na Larabci da za ka nemi wanda ya fi ka sani ya warware maka.